Ni Ce Na Hana Shi

Litinin, 20 ga Oktoba, shida na safe

A fitar da sharar da ake ƙonawa.

Leda biyu na tarar a bakin ƙofa, alhali ɗaya na ɗaure jiya. Har na sauka da su ƙasa, sai na ji ta biyun ba ta da warin kicin. Na kwance bakinta. Baƙin kwat ɗin ɗana Shuhei ne, da wandon, da farar rigar, an cusa su kamar tsumma. Na mayar na ɗaure, na sa a kwandon kekena.

Jiya da yamma ya dawo daga horon da kamfanin ya kai su can cikin duwatsu, su sababbin da za su fara aiki a watan Afrilu. Na soya masa kaza. Na ce sannu da zuwa, ya nuna min maƙogwaronsa. Babu murya. Ya shige banɗaki ya daɗe har na gaji da ɗumama miya. Bai ci ba.

Ban tambaye shi ba. Na ce gajiya ce.

Litinin, bakwai na yamma

Na buɗe ledar a shago, a kan teburin cire tabo. Shagonmu na wanki da guga a kan titin jami'a yake, rabin baƙaƙen kwat na ɗalibai masu neman aiki ta hannuna suke bi. Na san tabon miya, na san na giya, na san gumin yaron da ya fito daga gaban masu tambaya. Wannan ban san shi a jikin kwat ba.

Yaya Tokiko, wadda muke guga tare tun Shuhei yana firamare, ta leƙo ta kafaɗata.

"Ke Michiru, ɗan naki ofis ya ɗauke shi ko gonar shinkafa?"

Ta ɗaga wandon tana dariya. Gwiwoyin sun saɓule har zaren ya yi fari. Ta juya shi ta baya, sai dariyar ta tsaya.

"Na gwiwa dai laka ce," ta ce. "Wannan kuwa..."

"Yaya, miƙo min sabulun tabo."

Ta miƙo. Na wanke da hannu, na sake wankewa, na goge, na rufe da leda. Aikin ya yi kyau. Ba zan rubuta abin da ke jikin rigar ba.

Laraba, 22 ga Oktoba, shida na safe

Bari in jera abin da na sani, tunda jerawa na iya.

Shuhei bai samu aikin nan da kansa ba. Ya yi ta nema tun farkon shekara, kamfanoni suna aiko masa da saƙon nan na ladabi mai cewa suna yi masa fatan alheri a wani wuri. Sai ofishin neman aiki na jami'a ya tsaya masa. Wani kamfanin kayan gini yana ware wa makarantarsu gurbi biyu kowace shekara, ofishin yake zaɓar yaran. Malam Ushioda na ofishin ya zaɓe shi. Shi ya gyara masa yadda zai ƙwanƙwasa ƙofa, yadda zai rusuna, inda zai ajiye jaka. Har aski ya ce a sake.

A watan Yuni wani Malam Negishi daga kamfanin ya kira ni, kamar yadda suke yi yanzu, ya ji ko uwar yaro ta amince. Ina riƙe da waya ina rusunawa har goshina ya bugi bututun tururi. Na ce na amince, na ce muna godiya, na ce a yi haƙuri da ƙuruciyarsa. Ni da ban wuce sakandare ba, kamfani yana neman iznina. Ranar na saya wa kowa a shago kek.

Abin da na sani ke nan. Sauran ban sani ba. Wataƙila haka horo yake a manyan wurare, ni ce ban taɓa shiga ba.

Alhamis, ɗaya na rana

Wayarsa tana ta ƙara a kan tebur. Yana kifa ta.

Alhamis, takwas na yamma

Muryar ta fara dawowa, kamar ana jan kujera a kan siminti. Muna cin abinci ya ajiye sandunan da yake ci da su.

"Mama, ba zan shiga kamfanin nan ba."

Na ce, "In ƙara maka shinkafa?"

Abin da na ce ke nan. Shekara arba'in da huɗu a duniya. Ya dube ni, ya miƙo kwanon, na zuba, ya bar ta ta huce.

Juma'a, shida na yamma

Ya je ofishin jami'ar shi kaɗai. Ya dawo yana cire takalmi a tsaye, bai juyo ba.

"Sun ce ba a yi."

"Ba a yin me?"

"Ba a fasawa. Wanda makaranta ta tsaya wa ba ya fasawa. Sun ce in zo da ke."

Na nemi rabin yini ranar Litinin. Na goge siket ɗina mai ruwan toka. Na sake goge shi.

Litinin, 27 ga Oktoba, biyar na yamma

Ofishin yana hawa na biyu. A bango akwai wata babbar takarda, yara cikin baƙin kwat suna murmushi haƙora waje, a samansu an rubuta kashi casa'in da tara cikin ɗari na ɗalibanmu suna samun aiki. Na tsaya ina tunanin ina suke ajiye ɗayan. Ɗalibai suna zaune a layi da jaka a cinya, aski iri ɗaya, takalmi iri ɗaya. Wasu kwat ɗin na gane gugata ce.

Malam Ushioda mutum ne mai taushin murya, yana tsotsar alewar na'a-na'a. Ya ba mu kujera, ya yaba min tarbiyya.

"Kuramochi, ɗana," ya ce wa Shuhei da sunan gidanmu, "kamfanin nan ya daɗe yana rufa mana asiri. Wasu da sun ga sunan makarantarmu sai su tura takardar gefe. Su ba sa yi. In ka janye, makaranta ce ta karya alkawari. Baɗi babu gurbi. Ƙannenka na aji uku, me za ka ce musu?"

"Malam, a dare na biyu sun sa mu..."

Ya ɗaga tafin hannu kamar mai tsayar da mota.

"Dakata. In ka faɗa min, dole in rubuta. In na rubuta, dole in kai sama. In ya je sama ya fita daga hannuna, kai ma ka fita daga hannuna. Ka gane ko?"

Na kalli Shuhei. Kunnuwansa sun yi ja.

"Horo akwai zafi, kowa ya sani. Ku yaran yanzu ba a taɓa yi muku tsawa ba. Ko ba haka ba, Maman Shuhei?"

Ya turo min kwanon alewar. Na ɗauki ɗaya. Na ce na gode. Na sa a baki.

A hanyar dawowa Shuhei yana gaba, ina baya da keke a hannu.

Talata, shida na safe

Na goge haƙora sau biyu. Har yanzu na'a-na'a.

Laraba, 29 ga Oktoba, bakwai na yamma

Kwalin tuffa ya iso daga kamfanin, kowace an naɗe ta da farar raga kamar jaririya. Da rana Malam Negishi ya kira ni a shago. Wai sun kasa samun Shuhei, ko lafiya.

"Mama, ɗanki namiji ne. Horonmu yana ɗan girgiza yara, amma duk wanda ya fito ya zama ɗan gida. Ni ma na bi ta nan. Ki ce ya ɗauki waya, ba cizo muke yi ba."

Ya yi dariya. Na ji bakina yana cewa muna godiya da kulawa. Na ji bayana yana lanƙwasawa. Da na ajiye wayar Yaya Tokiko tana kallona, dutsen guga a hannu.

"Wa kike rusuna wa? Ba ya ganinki."

"Jiki ne ya saba."

"To ki koya wa jikin wani abu."

Tuffar ban iya ci ba, ban iya zubarwa ba. Gobe zan kai shago.

Alhamis, ɗaya na rana

Yaya Tokiko ta ci biyu. Ta ce tuffa dai ba ta je dutse ba.

Juma'a, 31 ga Oktoba, bakwai na yamma

Malam Ushioda ya zo shagonmu da rigunansa a jaka. Bai taɓa kawo mana wanki ba. Ya tsaya a kanta yana duba farashin da ke bango kamar zai haddace, har wanda ke gabansa ya fita.

"Maman Shuhei, ni yau abokin ciniki ne, ba ma'aikacin jami'a ba."

Na ce to.

Ga abin da ya ce, yadda na riƙe. In yaro ya janye, laifin makaranta ne. In kamfani ya janye, laifin kamfani ne. Amma in uwa ta hana, matsalar gida ce, babu wanda ya ji kunya. Kamfanin da kansa ya fara tambayar iyaye, ba zai ce maganar iyaye ba ta da nauyi ba. Zan bi shi kamfanin, in kai abin ban haƙuri, in ce ni ce ban yarda ba. Ni kaɗai ce, ba ni da kowa sai Shuhei, ba na so a riƙa jefa shi garuruwa. Maganar dutse kuwa kada ta fito, ko a can ko a wani wuri. In an yi haka, ofis zai ci gaba da riƙe Shuhei, akwai ƙananan kamfanoni da suke ɗauka a kaka. In ba a yi haka ba, shi dai ba zai iya yin alkawarin komai ba, ga shekara ta kusa ƙarewa, kuma na san yadda ake kallon wanda ya gama makaranta ba aiki a hannu.

Na ce, "Ai na riga na ce musu na amince."

"Uwaye suna canja ra'ayi. Kowa ya sani. Ba ke ce ta farko ba."

Ba ni ce ta farko ba. Ya faɗa yana ƙirga maɓallan rigarsa.

Na rubuta masa tikiti. Da ya fita Yaya Tokiko ta fito daga bayan labule, ta ɗaga rigar sama da yatsa biyu.

"Wannan a ba ni ita. Akwai wani zafi da nake ajiye wa irinsu."

Ban ba ta ba. Na goge su da kaina, yadda ya kamata. Ban san me ya sa ba.

Asabar, shida na safe

Ba ke ce ta farko ba.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, huɗu na yamma

Na faɗa wa Shuhei ina ninke kaya, don kada in kalle shi.

"Wato ke za ki zama mahaukaciyar uwa."

"Ba mahaukaciya ya ce ba. Mai taurin kai."

"Ke? Mama, ke fa kike ba injin sayar da lemo haƙuri in ya ƙi karɓar kuɗinki."

"Sau ɗaya ne."

"A gabana sau uku."

Har ya kusa yin dariya. Sai ya ce shi abin da ya fi ba shi haushi, za a ce an ɗauke shi aiki uwarsa ta riƙe masa riga. Yaran da suka je dutsen tare duk za su ji. Za su san ƙarya ce, za su yi shiru, su shiga aiki a Afrilu. Ya ce da ma bai jefar da kwat ɗin ba. Da ya ajiye shi yadda yake, ya kai wa Malam Ushioda a kan tebur, tunda ba ya son ji da kunne ya ji da hanci.

Na ci gaba da ninke tawul ɗin da na riga na ninke.

"Mama?"

"Yana cikin kabad."

Ya je ya buɗe. Na ji ƙarar ledar shago. Ya daɗe a can.

"Kin wanke."

"Tabon zai zauna in aka bar shi."

"Kin ga abin da ke jiki?"

"Na gani."

"Kika wanke."

Ya fito da shi a hanga, ya ɗaga shi wajen taga yana juyawa. Babu komai. Ko gwiwoyin na cike su da zare ta ciki, sai wanda ya sani.

"Kin fi su iya aiki, Mama," ya ce.

Ya mayar ya rufe. Can da yamma ina yanka albasa ya tsaya a ƙofar kicin.

"Ki je. Ni dai kada in sake ganin fuskar mutumin nan."

Ban tambaye shi wane mutum ba.

Litinin, tara na safe

Hutu ne yau. Na wanke tagogi. Na wanke firji. In da ban wanke kwat ɗin ba, da zan kai shi? Na san kaina. Da na kai shi a cikin jaka mai kyau, in ba da haƙurin warin.

Talata, 4 ga Nuwamba, bakwai na yamma

Da ciniki ya lafa Yaya Tokiko ta ce sai mun gwada. Ta sa kwat ɗin wani abokin ciniki mai ƙaton ciki, ta hau kujera ta buɗe ƙafafu.

"To, tsohuwa, me ya kawo ki?"

"Ranka ya daɗe, na zo ne in ba da haƙuri game da..."

"Kin fāɗi. Sake."

"Ban yarda ɗana ya..."

"Ɗago kai! Takalmina kike hana wa ɗan?"

Mun yi ta yi. Duk lokacin da na ce a'a sai na bi ta da a yi haƙuri, ita kuma ta buga min hanga a hannu. Ta ce mai taurin kai ba ta bayani, ba ta murmushi, kuma ba ta shan shayin da aka kawo mata. Ta ce in tuna surukata ta dā. Wannan ya taimaka.

Da muka gama ta cire kwat ɗin tana haki.

"Michiru, ni da a ce nawa ne, da na je na faɗi komai da ƙarfi a ƙofar shiga."

"Sai kuma ya zauna a gida ba aiki."

"Na sani. Shi ya sa na ce da a ce."

Laraba, shida na yamma

Na je babban kanti na sayi yokan, alewar jan wake. Yarinyar kantin ta tambaya na murna ne ko na ban haƙuri. Na ce ban haƙuri. Ta ce to a ɗauki mai nauyi, ta naɗe da takarda marar ado, ba ƙyalle. Ni ce zan kai musu alewa. Mu ne za mu ba su haƙuri.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, shida na yamma

An yi.

Malam Ushioda ya tare ni a tasha. Shuhei ya raka ni har can, ya ce zai jira a rumfar taliya. A kamfanin an bar mu a wani ɗaki mai sanyi, mun daɗe. Wata yarinya ta kawo shayi, da gani sabuwa ce. Na kalli gwiwoyinta, ban san na kalla ba.

Malam Negishi bai kai ni shekaru ba. Haƙora masu kyau, karin wando kamar wuƙa. Malam Ushioda ya rusuna har na ga tsakiyar kansa. Na tura kwalin da hannu biyu. Na faɗi abin da aka ce in faɗa: ni kaɗai ce, ba ni da kowa sai shi, ba na so a jefa shi garuruwa.

"A watan Yuni ai kin amince, Mama."

"Na canja."

"In wannan ne, mai sauƙi ne. Mu bar shi a reshen garin nan shekara biyu. Kullum ya kwana a gida, ya ci girkinki."

Wannan ba mu gwada ba. Na ji Malam Ushioda ya daina tsotsar alewa.

"A'a," na ce.

"To mene ne dalilin?"

Dalilin yana bakina. Na ji shi a kan harshe, da warinsa. Na kalli shayin, ban taɓa shi ba.

"Ba na so."

"Mama, yaro ɗan shekara ashirin da biyu ne. Rayuwarsa ce."

"Ni na haife shi. Ba na so."

Ya tambaya ta wata hanya, na ba shi amsa ɗaya. Ya sake, na sake. Muryar da ta fito ba tawa ba ce, ta surukata ce, har da hancin. Daga ƙarshe ya jingina da kujera, ya dubi Malam Ushioda.

"Iyayen zamani," ya ce.

Suka yi 'yar dariya tare, a hankali, kamar likitoci biyu a kan gadon mara lafiya. Na ga kafaɗunsu sun sauka su duka biyun. Sai a lokacin na gane babu wanda aka ruɗa a ɗakin. Kowa ya san wasan, ni kaɗai ce na yi gumi wajen koyonsa.

Ya raka mu har lifta. Ƙofa tana shirin rufewa ya sa hannu ya tare.

"A gaishe min da Kuramochi. Muryar ta dawo dai ko?"

Yana murmushi.

"Ta dawo," na ce. Kuma na rusuna. Jikin ya rusuna.

A cikin lifta Malam Ushioda ya share wuya da hankici.

"Kin yi ƙoƙari, Maman Shuhei. Gurbi biyun sun tsira."

A ƙasa na ce ya wuce, zan shiga bayi. Na kurkure baki har wata mata ta tambaye ni ko lafiya.

Shuhei yana tsaye a rumfar taliya, bai sayi komai ba. Na ce, "An gama." Ya dube ni kamar bai yarda ba. Na ce, "Na ce ba na so, sau huɗu, ban ba da haƙuri ba." Ya juya ya ce wa mai rumfar a ba shi babban kwano, a sa ƙwai. Ya cinye, ya sha romon, ya ce a ƙara. Na tsaya a gefensa ina kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka. Wannan ɗin dai ba ƙarya ba ne.

Juma'a, shida na safe

Ya yi barci har ban ji shi yana zagaya ɗaki ba.

Asabar, ɗaya na rana

Malam Ushioda ya zo karɓar rigunansa. Ya yaba gugar.

Talata, 11 ga Nuwamba, bakwai na yamma

Shuhei ya koma ofishin. An karɓe shi hannu biyu. Malam Ushioda ya ce masa, a gaban wasu ɗalibai, kada ya riƙe uwarsa a zuciya, wata rana zai fahimta. Ya ba shi sunayen kamfanoni uku. Ɗaya ƙarami ne, suna ƙera sassan injin noma a bayan gari. Sun ce ya zo ganawa ranar Laraba ta sama. Malam Ushioda ya san mai kamfanin, zai kira shi da kansa.

Shuhei ya ce an sake liƙa sanarwar wancan kamfanin a allon ƙofa, ta 'yan aji uku, da hatimin makaranta a ƙasa. Ya faɗa yana wanke kwanuka, bayansa gare ni.

"Ka tsaya ka karanta?"

"Na wuce."

Na ce ruwan ya yi zafi da yawa, zai ɓata hannu. Kullum abin da nake samu in faɗa ke nan.

Alhamis, ɗaya na rana

Yana gwada amsoshi a ɗaki, ina jin shi ta bango. Dalilin da ya sa na zaɓi kamfaninku. Muryar ta dawo sosai.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, bakwai na yamma

Da la'asar wata mata ta shigo da sabon baƙin kwat, ko zaren aljihu ba a warware ba. Sa'ata ce, ko ta girme ni kaɗan, da rigar aikin wani kantin magani a ƙarƙashin rigar sanyi. Ta ce a ɗan goge karin da ya yi a kwali, ɗanta ne, yana aji uku. Ban tambaya ba, ita ta faɗa, irin faɗin da mutum ba ya iya riƙewa. Ofishin jami'a ya sa sunansa a cikin waɗanda za su je gwajin aiki a hutun sanyi, in ya yi kyau su tsaya masa baɗi. Ta faɗi sunan kamfanin. Wancan dai ne.

"An ce ba kowa suke ba wa ba," ta ce. "Malamin ofishin ne ya ga hankalinsa. Ni ban san komai a kan waɗannan abubuwa ba, 'yar'uwa, sakandare na tsaya."

Bayan labule ƙarar tururi ta tsaya. Na san Yaya Tokiko tana ji.

Na duba kwat ɗin. Yadi mai arha, ɗinki mai kyau. Na duba gwiwoyin wandon, sababbi fil.

"Laraba," na ce. "Da yamma."

Ta rubuta suna da lambar waya, ta biya, ta rusuna, na rusuna. Ta fita tana gyara jaka.

Lokacin rufewa ya yi. Muna jan ƙofar ƙarfe Yaya Tokiko ta ce, ba ta kalle ni ba, "Ganawar Shuhei yaushe ce?"

"Laraba. Da safe."

"Amsa fa?"

"Sun ce bayan mako ɗaya. Ko biyu."

Ta sa kwaɗo, ta ja shi ta ji ya kama.

Na gobe:

A fitar da sharar kwalabe da gwangwani, kafin takwas.
Sabuwar farar riga ta Shuhei, wuya talatin da tara.
A duba motar da ke zuwa bayan gari, da lokacinta.
Sauran tuffar sun fara laushi a shago, a yi wani abu da su.
Katin godiya ga Malam Ushioda. Shuhei ya ce dole ne, kafin Laraba.
Kwat ɗin ɗan matar nan. Lambarta tana jikin tikitin.